Wuta da Kanwa da Kwana Arba'in: Tarihin Wankan Jego a Ƙasar Hausa

Daga cikin al'adun da Hausawa suka gada kaka da kakanni, waɗanda suka shafi lafiyar jiki da zaman iyali, da wuya a sami wadda ta game birni da ƙauye, ta shiga gidan sarki ta shiga gidan talaka, ta kuma jure wa sauyin mulki da sauyin zamani, kamar wankan jego. Duk da haka, wanda ya buɗe littattafan tarihinmu, ko Tarihin Kano ne ko Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, zai tarar da yaƙe-yaƙe da sarauta da ginin ganuwa, amma ba zai tarar da labarin tukunyar da ke tafasa a bayan ɗaki tun kafin assalatu ba, domin waɗanda suka riƙe wannan ilmi tsofaffin mata ne, kuma daga baki zuwa kunne, daga hannu zuwa hannu, suka miƙa shi. Saboda haka mai neman tarihinsa tilas ne ya tsinto shi daga wurare dabam-dabam, daga littattafan fiƙihu, da labarin fatake, da bakin tsofaffi, da kuma rubuce-rubucen likitocin da suka zo daga baya.

Bisa ga yadda aka san al'adar a farkon ƙarni na 20, shirin jego yakan fara tun ciki yana wata bakwai. A lokacin ne maigida zai shiga tara itace, manyan gumagumai na ƙirya ko na marke waɗanda wutarsu ke daɗewa, ya jibge su a gindin danga, har ya zama duk wanda ya shigo ya ga tulin ya san ana jiran sauka lafiya a gidan, ko da yake ba mai furtawa, saboda kunya. A kuma tanadi gero da kanwa da kayan yaji, wato citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono, waɗanda mata za su taru su daka. In cikin fari ne, sai iyayen yarinya su aiko a tafi da ita goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta. In kuwa a ɗakinta ta haihu, to bayan suna sai a tafi da ita wankan gida. Haihuwar kanta, galibi mace ita kaɗai take durƙusawa ta yi abinta, tana cije leɓe don kada a ji muryarta, sai ɗa ya faɗo sannan a aika a kirawo ungozoma, ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. Daga wannan sa'a ne aikin wuta yake farawa.

Tun da jijjifi, kafin ladan ya yi kira, tsohuwar da aka ɗora wa wankan, ko ungozoma ce ko kaka ko gwaggo, ta riga ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ruwa yana ta tafarfasa. Sai a kwashe shi a juye cikin kwatarniya a makewayi, mai jego ta zo ta zauna a kan 'yar kujera, tsohuwa ta kama damin ganye da aka ɗaure gindinsa, ta tsoma cikin ruwan, ta ɗaga, ta ɗan yarfe, sannan ta fyaɗa mata a gadon baya, ta sake tsomawa ta fyaɗa a kafaɗa, da ƙugu, da mara, da cinyoyi, tururi ya turnuƙe wurin har ɗaya ba ta ganin fuskar ɗaya. Yarinya tana zillo tana neman hanyar gudu, tsohuwa ta danne ta da hannu guda tana cewa, "Daure, 'yar nan, ki bari jiki ya gasu. Wadda ta ji tsoron ruwa yau, ita ce mai kukan ciwon baya gobe." In ruwa ya rage, ya ɗan sarara, sai a sa ta ta zauna a cikinsa, wani lokaci da jiƙon bagaruwa, domin ciwon da haihuwa ta bari ya warke. Tana fitowa ƙwaryar kunun kanwa tana jiranta, da zafinsa da yajinsa, ta sha har gumi ya karyo mata, sannan ta shiga ɗaki ta kwanta a kan gadon ƙasa wanda aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, ta gasa wannan gefe ta juya ta gasa wancan. Da la'asar a maimaita. Bayan kwanaki kaɗan, in hannunta ya faɗa, ita ke yi wa kanta, haka kullum har ta yi arba'in. Mai haihuwar fari kuwa akan zarce da ita har wata uku ko huɗu.

A duk tsawon wannan muddar ba ta daka, ba ta niƙa, ba ta ɗebo ruwa, girki kuma ya faɗi daga kanta ya koma kan kishiyoyi ko dangi. Kafin suna maigida ya sayo ƙauri, wato kai da ƙafafun sa, a dafa shi da yaji har ya yi lugub, ta ci a rarraba wa maƙwabta. Ran suna kuma a soya naman rago a ajiye mata rabonta, tana ci da yajin jego har ya ƙare. Mata suna ta shigowa barka, kowace da abin da ta riƙo. A ƙasar da galibin talakawa ba sa ganin nama sai salla zuwa salla, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Idan aka tambayi tsofaffi hikimar wannan wahala, amsarsu guda ce, sanyi. A wurin Bahaushen da, sanyi shi ne ke shiga ƙashi ya kawo ciwon gaɓoɓi, shi ke kumbura ƙafa, shi ke raunana mara, kuma macen da ta haihu, tun da ta zubar da jini wanda shi ne ma'adinin zafin jiki, ta zama ɗanya, jikinta a buɗe, sanyi yana iya shigarta ta ko'ina. Magani kuwa sai a gasa ta daga waje da ruwa da garwashi, a gasa ta daga ciki da yaji da kanwa, har jiki ya koma ya ɗaure, ragowar jini ya fita, nono ya kawo. Wannan ra'ayi ya yi muwafaƙa da ɗibbun da malamanmu suka karanta a littattafan Larabawa, wanda su ma suka gada daga Yunanawa irin su Jalinusu, inda aka gina lafiya a kan daidaituwar ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, aka kuma ce kowace illa da kishiyarta ake maganinta. Littafin Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikima, wanda ake jingina wa Imam Suyuɗi, wanda kuma ya yawaita a gafakar malaman ƙasar nan, da wannan bayani ya buɗe. Ke nan abin da tsohuwa take yi a bayan ɗaki, malamin da ke zaure bai ga abin musu a cikinsa ba. Ba mu kaɗai ne kuma muka tafi a kan haka ba, domin matan Tailan da na Malesiya sun daɗe suna kwanciya kusa da wuta bayan haihuwa, mutanen Sin suna killace mai jego wata guda su hana ta duk abin da suka ɗauka mai sanyi ne, mutanen Meziko kuma suna da tasu arba'in ɗin.

Batun adadin kwanakin akwai abin lura a cikinsa. Hausawa mabiya mazhabar Imam Malik ne, kuma a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure ya bi ta kanta, iyakar jinin biƙi kwana 60 ne, in kuwa ya ɗauke kafin haka, ko da kusa da haihuwa ne, wajibi ne mace ta yi wankan tsarki ta kama salla. Kwana 40 maganar Imam Abu Hanifa ce da Imam Ahmad ɗan Hambali, bisa dogaro da hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, wanda ya nuna cewa gwargwadon haka masu biƙi suke zama a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma arba'in ɗin ce ta zauna a zukatan mata, tun daga Masar har ƙasashenmu, ta kai ga waɗansu suna ɗaukar cewa mai jego ba ta salla sai ta cika ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, a cikin Ihya'us Sunna wanda ya wallafa tun gabanin jihadin 1804, ya lissafa wannan zato cikin bidi'o'in da aka haramta, yana bin sawun Ibnul Hajj mai littafin Madkhal, malamin Alƙahira na ƙarni na 14. Abin da aka soka a nan shi ne barin salla bayan tsarki ya samu. Wankan ganye kuwa a babin al'ada da magani yake, ba wankan ibada ba ne, hukuncinsa yana bin amfaninsa ko cutarwarsa, kuma ƙa'idar fuƙaha'u sananniya ce cewa duk abin da ya tabbata yana cutarwa gusar da shi ake yi. Ya kamata a riƙe wannan, domin har yau akwai gidajen da ake ganin rage zafin ruwa tamkar rage wani rukuni ne na addini.

Ita kuwa kanwa, wadda ita ce ruhin kunun mai jego, tana da nata tarihin mai tsawo, wanda ya haɗa ɗakin mai jego da manyan hanyoyin fatauci. Daga gabas galibinta take zuwa, daga tafkunan ƙasar Manga da Muniyo, waɗanda yanzu suke kudu maso gabashin Jamhuriyar Nijar, inda ruwa ke ƙafewa da rani ya bar ta a kan ƙasa a kankare a tara. Da kuma ƙasar Foli a Kanem, gabas da Tafkin Chadi, inda ake fasa ta manya-manya, mutanen Buduma su ƙetaro da ita cikin jiragensu zuwa gaɓar Barno, ita ce ungurnu, wadda ake ba daraja ta musamman wajen magani. Daga yamma kuma akwai ta kwarin Dallol Bosso. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan kanwar da ke ratsa birnin kowace shekara a kan takarkarai da dawaki da jakuna, daga Barno ta Gumel zuwa Nufe, ba su kasa 20,000 ba. Kaso mai yawa dabbobi ake ba, saura ya tafi ga masu taba gari, da majema, da matan da ke dafa wake da kaɗa miyar kuka. Abin da ke shigowa da yawa haka tilas ya yi araha, har ya fi gishirin Bilma sauƙin samu ga talaka, ta yadda ko gidan da ba a iya sayen ƙauri ba, ba a rasa dunƙulen kanwa. A hannun tsohuwa kuwa babu mizani. Jiƙa ta take yi ta tsiyaye ruwan cikin kunu har launinsa ya juya, kuma gwargwadon son da take yi wa 'yarta, gwargwadon yadda take ƙara hannu.

Shaida mafi ƙarfi da muke da ita a rubuce game da yadda abin yake kafin zuwan Turawa ta fito ne daga bakin wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a kan iyakar Kano da Zazzau, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a Giwa da Zariya a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Allah bai ba Baba haihuwa ba, amma ta yi riƙo, ta ga haihuwar 'yan uwa da ta ƙawaye, kuma yadda ta bayyana wanka da kunu da tafiya gida ya nuna cewa tun tana yarinya abin ya riga ya kafu, ba mai tambayar dalilinsa. Sai dai kafuwar al'ada ba ta hana ta sauya kama. Ganyen darbejiya, wanda yau da yawa suke ɗauka shi ne ganyen wanka tun fil azal, baƙo ne. Itacen ƙasar Indiya ne, sai wajen 1928 Turawan mulki suka fara dasa shi a lardin Barno, daga nan ya bazu ya cika garuruwa, ya ture tsamiya da runhu da sabara waɗanda kakanninmu suka sani, saboda ga shi nan a ƙofar gida, ba sai an shiga daji ba. Haka nan tukunyar ƙasa: da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turawa suka yawaita, sai garwar kananzir ta shigo, bayanta kuma rabin duro, wanda ke cin ruwan da tukwane da dama ba za su ci ba. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa yawan ruwa da tsananin zafin da ake tinƙaho da su a matsayin gado, zamani ma yana da hannu a cikinsu.

Karon farko da aka ɗora al'adar a kan mizanin likitancin zamani shi ne a Zariya, bayan da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar koyon likita a 1967. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya zo a 1969, da abokin aikinsa Dakta Davidson, sun lura da wani abu da ya ɗaure musu kai: mata suna zuwa asibiti makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu da fuska da ciki a kumbure, suna haki, suna tari cikin dare, ba sa iya kwanciya sai a jingine, alamomin gazawar zuciya ke nan, alhali kuwa ba a san su da ciwon zuciya ba kafin ciki. Suka bi diddigin mata 224 da suka zo tsakanin 1969 da 1972, suka kuma aika tambaya asibitocin jihohin Arewa, kuma a bayanin da suka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1974 suka nuna cewa ciwon ya fi yawa a inda Hausawa suka rinjaya, musamman kewayen Zariya da Malumfashi, wuraren da ake tsananta wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta da shan kanwa fiye da ko'ina. Sun ƙiyasta cewa a Zariya yana kama kimanin mace ɗaya cikin kowace 100 da ta haihu, sun kuma ga yana ƙaruwa a watannin zafi da farkon damina. Bayanin da suka kawo shi ne, kanwa galibinta gishirin sodiyam ce, shi kuwa sodiyam riƙe ruwa yake yi a jiki. Mace kuma bayan haihuwa dama jijiyoyinta cike suke da ruwan da ciki ya tara. Ga zafi yana buɗe jijiyoyin fata yana tilasta wa zuciya ta ninka aikinta. In aka haɗa da ƙarancin jini ko hawan jini, sai kayan su fi ƙarfin jakin. Da yawa daga cikin matan, da aka ba su maganin fitar da ruwa da na ƙarfafa zuciya, suka sami sauƙi cikin ɗan lokaci.

Abin da ya fi ban tausayi a wannan mas'ala shi ne yadda ƙauna da kanta take zama sababin halaka. Uwa ta ga ƙafar 'yarta ta kumbura, ilmin da ta gada ya gaya mata cewa sanyi ne ya shiga, wanka bai yi ba, sai ta ƙara itace, ta ƙara kanwa, ta kuma yi wa yarinya faɗa cewa ragwanci take yi. Kumburi ya ƙaru, ita ma ta ƙara, har ranar da numfashi zai gagara a nemi mota. Ban da wannan, likitocin tiyata a Zariya sun rubuta labarin masu jego da aka kawo musu da ƙuna mai tsanani, daga ruwan wanka ko daga gadon wuta, ga kuma haɗarin garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, ga jariri a ciki. A kan waɗannan babu wata jayayya, kuma duk wanda ya ɓoye su don kare martabar al'ada ya ci amanar matan da al'adar ta zo domin su.

To amma tarihi bai tsaya a nan ba. Shekaru suka wuce, gadon ƙasa ya yi ƙaranci, mata da yawa a birane suka sassauta wanka, ciwon kuwa bai tafi ba. A Sakkwato, binciken da likitoci biyu, Isezuo da Abubakar, suka buga a 2007 ya same shi a haihuwa ɗaya cikin 102, alhali a Amurka ana maganar ɗaya cikin 1,000 zuwa 4,000. Tun a 1992 wani likita Bafaranshe, Cénac, da abokan aikinsa a Yamai suka gano cewa matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin wani sinadari a jininsu mai suna siliniyam, wanda jiki ke samu daga abinci, wanda kuma aka riga aka san rashinsa yana lalata tsokar zuciya a wani yanki na ƙasar Sin. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya tarar da irin haka a Kano, sannan ya jagoranci wani babban bincike da ya tattara mata 406 masu ciwon daga asibitocin sassan Nijeriya, aka buga sakamakonsa a 2020. Mafi yawan matan daga Arewa maso Yamma suka fito, amma abubuwan da aka ga suna tafiya tare da ciwon su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wanka da kunun kanwa ba su fito a matsayin sababi ba, domin masu lafiya ma suna yin su kamar yadda marasa lafiya suke yi. Wannan bai wanke kanwa daga laifi ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana ba, kowane likita zai hana ta gishiri da kanwa. Abin da ya nuna shi ne cewa tushen ya fi tukunya zurfi, yana can cikin talauci da yunwa da cikin da ba a kai awo ba.

A nan ne nake ganin an yi wa al'adar rashin adalci, domin an shekara hamsin ana muhawara a kan wuta da kanwa, an manta da abin da suke kewaye da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mako shida na bayan haihuwa, kwana 42, a matsayin lokacin da rayuwar uwa da ta jariri suka fi shiga haɗari, ga shi kuwa kakanninmu, ba tare da lissafin asibiti ba, sun killace kusan wannan adadi suka haramta wa mace wahala a cikinsa. Yarinyar da aka aurar tana ƙarama, wadda kunyar ɗan fari ta hana ta ko kallonsa a gaban mutane, balle ta kira sunansa, a gidansu take samun wadda za ta zaunar da ita ta koya mata riƙon jariri da ba da nono da gashin cibi, ta karɓe shi cikin dare in ya ƙi barci. Ba a barin ta ita kaɗai da tunaninta, alhali yanzu an san cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana faɗawa cikin damuwa mai nauyi bayan haihuwa, kuma kaɗaici yana cikin abubuwan da ke rura ta. Nisan da ta yi da miji ya ba jikinta hutu, ƙyamar da ake yi wa kwanika kuma ta sa tazara tsakanin haihuwa da haihuwa. In ta cika arba'in a yi mata kitso da lalle, ta ɗaura sabon zane, ta goya ɗanta ta shiga yawon arba'in gida-gida, dangin uwa da na uba da na miji kowa ya ga jariri ya sa albarka ya ba da abin da ya sawwaƙa, zumunci ya sabunta. Ba duk abin da tsofaffi suka koyar ne daidai ba. Matse dakashi a zubar, wanda shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, kuskure ne babba. Amma ginshiƙin abin, wato hutu da ci da kulawar dangi, babu likitan da ya taɓa sukarsa.

Shi ne kuwa yake rushewa a yau. A birni mace ta haihu a asibiti a sallame ta cikin yini guda, ta koma ɗakin haya inda ba uwa ba gwaggo, mai hali ya ɗauko mai wanka ya biya ta, marar hali matarsa ta tashi ta hau aikin gida tun ba a yi suna ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaciya hutun mako 12, Gwamnatin Tarayya tana ba nata ma'aikatan fiye da haka, a 2021 ma ta amince wa maza kwana 14; amma mai dakau da mai ƙosai da matar manomi ba su cikin wannan lissafi, al'ada ce kaɗai ta taɓa ba su hutun haihuwa. Har an fara jin magidanta suna fakewa da cewa likita ya hana wanka, su huta da itace, su haɗa har da ƙauri su huta. Alhali kuwa Muhtasar na Shaihu Halil, wanda alƙalan ƙasar nan suka yi ƙarnuka suna hukunci da shi, da ya zo babin ciyarwa ya ɗora wa miji ruwa da mai da itace da gishiri da nama lokaci bayan lokaci, ya ɗora masa ladan ungozoma, har da kwalli da lalle, ya kuma ce a ƙara wa mai shayarwa abin da za ta sami ƙarfi da shi. Ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa ya wadatar wajen wanka, kunu kuma yana yin daɗi da tsamiya ko gyaɗa in an janye kanwa, kuɗin da aka rage na itace kuwa haƙƙin mai jego ne, a saya mata nama da ƙwai da wake da ganye, a kuma biya kuɗin motar da za ta kai ta a duba ta a kwana na uku, da mako na biyu, da mako na shida, ko kuma a duk daren da aka ga ƙafa ta kumbura ko numfashi ya soma yi mata wuya.